Tafin da aka yi mini a fadar Alhamra

A kudancin Sifaniya nake zaune, yankin Almeriya, ina aiki a wani kamfani da ke zuba tumatir da tattasai a kwali ana kai wa sauran ƙasashen Turai. Daga nan zuwa Garnaɗa tafiyar kamar awa biyu ce a mota, amma na daɗe ban leƙa ba, don wanda neman abinci ya fito da shi ba ya cika yawon buɗe ido. Babban ɗana ne ya matsa. An yi musu darasin fadar Alhamra, ta tsoffin sarakunan Musulmi na Garnaɗa, a makaranta, ya hana ni sakat sai mun je.

Ba a tashi haka kawai a tafi. Sai ka sayi tikiti ta intanet tun da sauran makonni, da sunanka da lambar fasfonka, kuma a jikinsa an rubuta lokacin da za ka shiga ɓangaren fadar sarakuna. In ka makara ka yi asara, ba mai sauraron "don Allah, daga nesa nake". Mutum fiye da miliyan 2 ke shiga wurin duk shekara, shi ya sa. Aka haɗa mu ayari guda da Jamusawa da Faransawa da 'yan ƙasa, aka ba kowa ɗan abin saƙalawa a kunne, wata mata mai matsakaicin shekaru ta shige gaba tana bayani.

Fadar tana kan tudu ne, birni na ƙarƙashinta, a bayanta kuma duwatsun Siyera Nebada da ƙanƙara fari fat a kansu. Daga waje ba ta da wani ado, jan bango ne da hasumiyoyi masu kusurwa huɗu. Muhammad ɗan Ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasar, shi ya fara ginin a 1238, amma wuraren da ake tururuwar gani yawanci aikin Yusuf na ɗaya ne da ɗansa Muhammad na biyar, a ƙarni na 14. Ƙofofin ba sa kai ka ciki kai tsaye, sai ka karya kwana ka sake karyawa, yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba. Wannan kam ban buƙaci bayani ba, duk wanda ya tashi a gida mai zaure da soro ya san dalili.

Da ka shiga sai ka rasa inda za ka ajiye ido. Ƙasan bango tayil ne kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, an yanka ƙanana an jera su taurari. Daga nan zuwa sama farar ƙasa ce aka sassaƙa, ganye cikin ganye, rubutu cikin rubutu, ba tazarar da za ka ɗora tafin hannu. Kuma ko'ina ka juya kalma ɗaya ce ke bin ka, taken gidan sarautar: wa la galiba illallah. Akwai tsakar gida mai dogon tafki wanda hasumiya ke kwance a cikin ruwansa, ruwan ko motsi ba ya yi. Akwai wata mai zakuna 12 na marmara suna ɗauke da kwano, ruwa na fita ta bakunansu, ga magudana huɗu da suka haɗa su da ɗakuna, ginshiƙai 124 sirara sun kewaye su, a bakin kwanon kuma an sassaƙa baitocin waziri Ibn Zamrak.

A zauren karɓar jakadu abin ya faru. Ɗaki ne mai tsawo sosai, rufinsa na katako, guntaye fiye da 8,000 aka harhaɗa. Matar ta ce rufin siffar sammai bakwai ce, rubutun da ya zagaye ƙasansa kuma sura ta 67 ce ta Alƙur'ani. Na ɗaga kai na ce ai Tabaraka ce, bakina ya kama da kansa har na kai "allazi khalaƙa sab'a samawatin ɗibaƙa". Ban san muryata ta fita ba sai da na ji tafi. Tafi sosai, har da masu ɗaga waya. Wani dattijo ya matso ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya. Ya buɗe ido ya ce to a ina na koyi wannan, Maroko na zauna? Ita kuma matar ta yi murmushi ta ce wa ayari yau sun yi sa'a, don mutanen da suka yi wannan duniyar sun shuɗe tuntuni, wayewa ce da ta ɓace.

Ba da mugun nufi suka yi ba, na sani. Amma tafin nan ya tsaya mini a wuya har yau. Surar da yaro ɗan shekara 8 ke rerawa a kowane lungu na Kano da Damagaram ita ce aka tafa mini a kanta, don a tunaninsu baƙin mutum daga kudancin Sahara ba shi da gami da wannan ɗakin. Ni kuwa na ce ba wanda ya fi ni gami da shi a duk ayarin, har da ita mai bayanin.

Wai ta ɓace. Ta ɓace a ina? Kawuna ya yi aikin alƙalanci, kuma tun ina yaro nake jin yana jan baitocin Tuhfa idan maganar gado ko saki ta taso. Mai Tuhfar nan, Ibn Asim, babban alƙalin Garnaɗa ne, a wannan garin ya rayu ya rasu a 1426, a ƙarƙashin sarakunan da suka zauna a wannan zauren. Ishiriniyar da ake kwana ana yi a watan Maulidi, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne. Ashafa da ake karantawa da azumi, Alƙali Iyal da ya rubuta ta ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Malikiyyar da suke bi ita muke bi. Tun kafin nan ma wani ɗan Garnaɗa, Abu Ishaƙ Assahili, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324 ya biyo shi Mali, a Tumbutu ya rasu. Kuma a daidai shekarun da sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa mabuɗan Alhamra ga sarakunan Kirista Fardinan da Isabela, ranar 2 ga Janairun 1492, Muhammadu Rumfa na kan gadon Kano, ya gina gidan da sarki ke ciki har gobe, ya karɓi Shehu Magili ya sa ya rubuta masa yadda ake mulki. Ba wanda ya gaya wa dattijon nan wannan, kuma ba a cikin abin da matar ta haddace yake ba.

To, gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi nasu. Riƙon da suke yi wa wurin nan abin a sara musu ne. Ba a taɓa bango, ba a shiga da babbar jaka, akwai ma'aikaci a kowane ɗaki. Zakunan nan an taɓa kwashe su gaba ɗaya aka yi shekaru ana wanke su ana gyara, sai a 2012 aka sake buɗe musu ruwa. Lambun Janaralife da ke kan tudun gaba, inda sarakuna ke zuwa shan iska, har yau ga lemo ga rumman ga wardi, an daddatse shingaye kai ɗaya. Ruwan da ke shayar da shi tun asali daga kogin Daro aka janyo shi, tafiyar kilomita 6 a gefen dutse, ba inji ba famfo, gangara kawai aka lissafa. Akwai wata matattakala da ruwa ke gudu a cikin hannunta na dama da na hagu, kana hawa kana tsoma yatsu. Ɗan Kano da ya san jiran mai ga-ruwa da sassafe, in ya ce wannan bai taɓa shi ba ƙarya yake.

Kuma a nan ne uzurin da muka saba kawowa ya rushe mini. Kullum cewa muke namu ginin ƙasa ne, damina ke cinye shi, nasu na dutse ne. Ashe ganuwar Alhamra ita ma ƙasa ce, jar ƙasar tudun aka cakuɗa da tsakuwa da farar ƙasa aka daddaɓe a tsakanin alluna. Adon cikin ma da farce za ka iya kankare shi. Bambancin kawai akwai masu duba shi kullum. Mu kuwa badalar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 ke nan, kowa ya san abin da ta zama: an yanka filaye, an kafa shaguna da garejoji, an ɗebi ƙasarta an yi tubali, ƙofofi an rushe an sake su da siminti don faɗaɗa titi. Tun 2007 take cikin jerin masu jiran shiga wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO, har yau tana jira. Alhamra ta shiga a 1984. Maƙwabtanmu ma sun shigar da tsohon garin Agadas a 2013, shi ma na ƙasa ne. Wannan kunya ce tamu, ba Bature a ciki.

Amma kada a cika ni da wa'azin sun fi mu sanin darajar tarihi. Wane tarihin? Yarjejeniyar miƙa wuya ta yi wa Musulmin Garnaɗa alkawarin addininsu da masallatansu da alƙalansu. Ba a yi shekara 10 ba aka karya ta. Daga 1499 babban limamin coci Sisneros ya fara tilasta wa mutane wankan shiga Kiristanci, aka tara littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla aka cinna musu wuta. Jikokin waɗanda suka karɓi sabon addinin ma ba su tsira ba, tsakanin 1609 da 1614 aka kori wajen mutum 300,000 daga ƙasar. Masallacin fadar aka rushe aka gina coci a gurbinsa. Sarki Carlos na biyar ya dasa wani ƙaton gini na dutse a tsakiyar wurin daga 1527, yana nan zaune kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Bayan haka fadar ta yi zamani a yashe, marasa galihu na kwana a ɗakunan suna hura wuta, sojojin Faransa suka tarwatsa wasu hasumiyoyi a 1812 da za su fita. Sai da baƙi daga waje suka fara zuwa suna zanawa suna yayatawa, sannan aka farga akwai abin riƙewa, aka ayyana ta kayan tarihin ƙasa a 1870. Garin da ya yi ƙarnoni yana kiran salla, sai 2003 aka buɗe masallacin da ke unguwar Albaisin yana fuskantar fadar. Matar ta taɓo wasu daga cikin waɗannan, amma a gurguje, tana duba agogo.

Don haka in aka ce in zaɓa tsakanin garin da ya adana bango ya kori masu karanta shi, da garin da ya bar bango ya zube amma bayan sallar Asuba malam na zaune a zaure ɗalibai sun kewaye shi da littafin alƙalin Garnaɗa, ni na san inda zan tsaya. Wani zai ce me ya hana a haɗa biyun. Haka ne, ba abin da ya hana. Sai dai in ɗaya za a rasa, gara mu da su, kuma ba zan janye ba.

Abin da ban gaya muku ba shi ne wanda ya fi kowa tafi a ɗakin nan ɗana ne. Duk tsawon yawon shi ke fassara mini abin da ya wuce ni, don Sifaniyancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, a nan aka haife shi. Ya san shekarar da aka ci Garnaɗa, ya san sunan Isabela da mijinta, ya san labarin da ake bayarwa cewa sarki Abu Abdullahi ya waiwaya ya yi kuka uwarsa ta yi masa gori. Da muka fito lambu sai ya ja hannuna ya ce, cikin Hausarsa mai ɗingishi, "Baba, wannan waƙar da ka yi, me take nufi?" Waƙa. Shekararsa 11. Yana zuwa karatu ranar Asabar a masallacin da 'yan Maroko ke riƙe da shi, awa biyu a mako, har yanzu bai wuce ƙananan surori ba, kuma da zarar an tashi sun koma Sifaniyanci shi da abokansa. Ni a shekarunsa na wuce Tabaraka da nisa, ba don na fi shi kai ba, don duk unguwar abin da ake yi ke nan, ko ba ka so sai ya shiga kunnenka.

Tun a mota muka fara da uwarsa. Na ce dogon hutun bana Kano zai yi shi, wajen ƙanena, da safe allo da yamma islamiyya. Ta ce, "Malam, yaron da ko yajin tuwo ba ya iya ci? Ga sauro, ga zafi, ga kuɗin jirgi. Kai da ka yi allon ba ga ka nan kana ɗaura kwalin tumatir ba?" Wannan ta ƙarshen ban tanka ba. Na dai ce takardun makarantar nan ba inda za su gudu, wata biyu ne, kuma akwai kakarsa da rabon ta da shi tun yana goye. Har yanzu ba ta ce to ba, amma ta daina cewa a'a, ta koma tambayar allurar shawara da maganin zazzaɓi.

Na kira ƙanen nawa na shaida masa, na ƙara da cewa in yaron ya zo a zagaya da shi Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, a hau da shi Dala, a nuna masa abin da ya rage na badala. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni kaina rabona da Gidan Makama tun muna firamare." Ya ce ba komai, a turo shi, zai yi wa malamin unguwa magana. Sannan ya ce in an tashi a haɗo masa da waya mai kyau, tasa fuskar ta fashe.