Kalma ɗaya ta isa a hallaka mutum a garin nan

Akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana sayar da waina da miyan taushe a bakin titin unguwarmu, tun ina sakandare nake cin wainarsa. Ɗan daudu ne, kowa ya sani, da zaninsa da tafa hannunsa da wannan magana tasu mai kama da ta mata, kuma in ana biki matan layin da kansu suke aika yaro ya kira shi ya zo ya kama musu girki don hannunsa akwai daɗi. Shekara da shekaru a haka, iyaka a tsokane shi ya rama a yi dariya.

Bara da yamma ina dawowa daga aiki na tarar da cincirindo a wurin. Wasu samari ne suka zagaye shi, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka, ana ihun ɗan luwaɗi, an kifar da tandar, ƙullu ya malale a ƙasa har cikin kwata, shi kuma ya durƙusa ya rufe kai da hannu biyu yana ta ku yi min rai. Wani dattijo mai shagon dab da shi ne ya ratsa ya tsaya a gabansa ya ce, "A cikinku wa ya gani da idonsa? Ya matso ya faɗa min." Wallahi ba wanda ya matso. Wai wani ne ya ji daga wani, shi ma a guruf ɗin WhatsApp ya gani.

Na san abin da wasu za su ce tun kafin su kai ƙarshen rubutun nan, wai an biya ni da kuɗin Turawa. Toh ni ba malami ba ne, ban zo yin fatawa ba, hukuncin addini a kan wannan aiki sananne ne ga Musulmi da Kirista na garin nan kuma ba shi nake taɓawa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda kalmar nan ta zama makami a hannun kowa, wanda ka ci bashinsa, wanda kuke neman yarinya ɗaya, wanda yake hassadar kasuwarka, duk wanda ya ga dama ya jefa maka ita shikenan ka gama yawo, ba shaida ba alƙali.

Kuma addinin da ake cewa ana karewa bai yarda da haka ba fa. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana zato da bin diddigin asirin mutane. Aya ta 4 a Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafin zina bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma ce kar a sake karɓar shaidarsa. Dubi yadda Musulunci ya tsaurara a kan mai zargi, amma mu yau mai zargin shi ne gwarzo, shi ake tura bidiyonsa ana masa jinjina. Tsarin mulkin 1999 ma, sashe na 34 ya kare mutuncin kowane ɗan ƙasa, na 36 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar.

Ita dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga shiga ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan alaƙa a fili. Ko kana goyon bayanta ɗari bisa ɗari, ka nuna min inda ta ba ɗan unguwa izinin ɗaukar gora. A watan da aka sa mata hannu aka ga jama'a na jifan kotun shari'a a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai gama saurare ba. A Zariya, watan Afrilun 2017, an kama mutum 53 a wani otal aka ce ɗaurin auren maza suka je, lauyansu ya ce bikin zagayowar ranar haihuwa ne kuma yawancinsu ɗalibai ne, suka musa laifin aka ba da belinsu. Amma wa ya bi labarin daga nan? Sunan da aka laƙa musu a gari shi ya zauna.

Waɗanda suka fi cin ribar wannan tsoro su ne 'yan damfara. Su ja yaro da hira a Facebook, su kira shi wani ɗaki, su tuɓe shi su ɗauki hoto, daga nan kullum sai ya turo kuɗi ko a tura wa babansa, kuma ba zai je wurin 'yan sanda ba don yana ganin shi za a fara tsarewa. Haka wanda yake ɗauke da cutar HIV zai daina zuwa karɓar magani don kar a gan shi a layin a fara lissafi. Da yawansu kuma an matsa musu sun yi aure, to matar da ba ta ji ba ba ta gani ba fa?

Mu 'yan Kaduna bai kamata a tsaya ana mana bayanin abin da taron fushi ke iya yi ba. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2002, har yau garin a rabe yake, wannan a tsallaken kogi wancan a tsallake. Kuma a watan Maris na 2025 da aka ƙone mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin Sallah, don kawai wani ya ce masu garkuwa ne, duk mun yi kuka mun ce ina shaida, ina kotu. Tambayar da dattijon nan ya yi a bakin titinmu kenan, ba ta canja ba don wanda ake zargin ɗan daudu ne.

Ina roƙon malamanmu da fastocinmu, kuna wa'azi a kan laifin kuma jama'a na jin ku, dan Allah ku haɗa da ɗaya ɓangaren, ku faɗa wa samarin nan a kan mumbari cewa ƙazafi babban zunubi ne, duka da tozarci ba aikinsu ba ne, tura bidiyon tsiraicin mutum ba jihadi ba ne. Masu unguwanni su ma su daina kawar da kai.

Mai wainar nan bai kwana a unguwar ba a ranar. Tsohuwarsa da yake ciyarwa da wannan tanda tana nan a ɗakin haya ƙarshen layi, matan da yake taya girki ne yanzu ke aika mata da abinci, su ma sai bayan isha'i don kar a gan su.