Wai aikina cin masa ne

Shekaranjiya a wani gidan suna a unguwar Jahun da ke Bauchi, wata ƙawar yayata ta tambaye ni inda nake aiki. Na ce ba ni da ofis, rubutu nake yi a kan abinci, wanda ya ba ni aiki in yi masa ya biya ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lallai 'yar nan kin more. Wato ki ci daɗi, sannan a biya ki?" Mata suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ce yau bari in baje muku cin daɗin nan a faifai.

Mu ɗauki masa, tunda da ita aka san mu a Bauchi. Ranar da zan rubuta yadda ake yinta, aikin tun daren jiya yake farawa. In jiƙa shinkafar tuwo kafin in kwanta. Da asuba in wanke, in haɗa da 'yar dafaffiya, in aika inji tare da jan kunne kada a niƙa min a bayan wake ko tattasai. Ƙullu ya dawo in sa yis, in rufe, in duba agogo in rubuta lokaci a littafi. Wannan littafin shi ne ya raba ni da mai yin masa don karin kumallon gidanta. Ita in ta yi kyau ta gode wa Allah. Ni sai na san abin da ya sa ta yi kyau, don wadda ban taɓa gani ba ta karanta ta yi, tata ma ta yi kyau.

Akwai wata dattijuwa da ke suya a wani lungu can wajen Wunti, Goggo nake ce mata. Tun ban san kaina ba take gaban tanda. Ranar da na fara zuwa da littafina na ce, "Goggo, ruwa nawa kike zubawa?" Ta ce, "Daidai." Na ce daidai nawa? Ba ta amsa ba. Ta tsoma ludayi, ta ɗaga sama, ta bar ƙullun yana zuba a hankali, bai tsinke ba, bai kuma yi gudu ba. "Kin gani? Haka." Safiya uku na yi ina zaune a kan 'yar kujera kusa da murhunta, hayaƙi na cin idona, da kofi mai cin mililita 250 a hannuna. Duk ruwan da za ta zuba sai in tare in auna tukuna. Ta gaji ta ce, "Ke 'yar boko, masar ma sai an yi mata lissafi?"

A nan na gane "daidai" ɗin Goggo ba rashin sani ba ne, sani ne da ya fi ƙarfin kofina. Awon ranar farko daban, na rana ta biyu daban, amma masar iri ɗaya. Tsohuwar shinkafa ta fi sabuwa shan ruwa. Mai inji wani lokaci ya cika ruwa wajen niƙa, sai ka rage naka. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, ƙullu barci yake yi, sai an kai shi rana ko an matso da shi kusa da wuta. A zafin Maris da Afrilu kuwa, kafin ka idar da wanke-wanke ya taso yana neman tura murfi, in ka yi sakaci ya yi tsami, sai an nemo ruwan kanwa a kashe tsamin. Duk wannan hannun Goggo ya haddace. Amaryar da ke riƙe da waya a Legas ko Abuja ba ta da wannan hannun. Don haka dole in ba ta awo, in kuma ba ta alama: kaurin ƙullu, ƙananan ramukan da ke fitowa a samansa in ya tashi, ƙamshin da ke nuna ya kusa wuce gona da iri. Ko "mudu ɗaya" ba na rubutawa kai tsaye, domin mudun da ake auna min a kasuwar Muda Lawal ba shi ne kwanon Kano ba. Can ma waina suke ce wa masa.

To ga inda nake da ƙorafi da 'yan uwana masu wannan sana'a. Rubutun girki ya cika Facebook da WhatsApp, amma yawancinsa "ki zuba kayan ƙamshi, ki sa ruwa daidai misali, ki bar shi ya dahu." Wane kayan ƙamshi? Ya dahu cikin minti nawa, a kan gas ko gawayi? Kana karantawa ka san mai rubutun ba ta ɗora tukunyar ba. Ni a wurina wannan ha'inci ne, don wata za ta ɗebi cefanen mijinta ta bi maganarki, abinci ya lalace, ita za a yi wa gori, ke kina can kina ƙirga masu yabo.

Ba na sakin girki sai na gwada sau uku. Kowane gwaji shinkafa ce, mai ne, gas ne, kuɗin niƙa ne, kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda waɗannan suka koma. Babu editan da ya taɓa biyana kuɗin masar da ta ƙi tashi. Almajiran layinmu ne kawai ke cin riba, har sun san in sun ji ƙamshi sau biyu a rana akwai rabo.

Sauran yinin ba shi da wani armashi. Hoto a bakin taga kafin rana ta yi ƙarfi, masar na hucewa ina juya faranti. Rubutu bayan azahar, in akwai caji. Bayan la'asar kuma bin bashi. Akwai wata mujalla da na yi wa aiki, yau wata na uku kenan kullum amsar ɗaya ce, an miƙa wa mai kula da kuɗi. Gaskiyar magana abin da ke riƙe ni ajin girki ne da nake yi a WhatsApp, da ɗan tsara jerin abinci da nake yi wa masu gidajen abinci.

Sai ɓarayin rubutu. Na taɓa kuskure, maimakon ƙaramin cokali na ruwan kanwa na rubuta babba. Cikin awa guda na gyara a shafina, ashe an riga an kwafe, an goge sunana, an watsa. Har yau wancan gurgun girkin na yawo. Wata ta turo min hoton masarta ta yi ɗorawa, tana cewa ɗanɗanonta kamar sabulu, wai in duba mata wannan girkin da ta samu a wani zaure. Na karanta, na ga jimlolina ne, har da waƙafina.

Game da cin kyauta kuwa, e, ana gayyatata. "Hajiya ki zo ki ɗanɗana, sai ki ɗan rubuta mana wani abu." Da ina zuwa. Wata rana aka kawo min miyar taushe da gyaɗarta ba ta dahu ba, ga mai gidan abincin tsaye a kaina yana murmushi, na dawo gida na rasa abin rubutawa. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Tun daga ranar, in zan faɗi ra'ayina da kuɗina nake saye. In kuma an biya ni in tallata, a layin farko nake rubuta cewa talla ce, mai karatu ya san da wa yake magana.

Kuma in an biya ni kan abin da na koya a bakin murhun wata, tana da kaso. Da na kai wa Goggo nata, ƙin karɓa ta yi, wai ai ba ta yi komai ba. Sai da na ce na sayen itace ne. Irinta suna nan birjik, daga masu gwaten acca a Dass da Tafawa Ɓalewa zuwa masu kindirmo a rugage, muna ɗibar iliminsu da waya muna tara mabiya, ko sannu ba ma komawa mu yi musu.

Af, ƙawar yayar tawa ta turo saƙo ɗazu. 'Yarta za ta yi aure, tana son awon masa na mudu goma, tunda ni "a sauƙaƙe" nake samu. Ban taɓa gwada mudu goma ba, don haka ban ba ta ba. Na yi mata kwatancen lungun Goggo, na ce ta je kafin ƙarfe bakwai, ta kuma riƙe kuɗi a hannu.