Zanen barkwancin yaƙi a bangon falo

Na karanta labarinku kan masu ƙawata gida da tsofaffin zanen barkwanci na lokacin yaƙi, waɗanda ake bugawa a ƙyallen kanbas. Ni ma na rataye guda a falona, zanen David Low da jaridar Evening Standard ta Landan ta buga a Satumba 1939, farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Hitler na Jamus da Stalin na Tarayyar Sobiyat sun ɗaga hula suna gaisawa, gawar sojan Poland kwance tsakaninsu. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya tambaya, hira ta ɓarke.

Amma don Allah a riƙa tantancewa. Da yawa daga cikin irin waɗannan zane-zanen farfaganda ce ta cin mutuncin Yahudawa ko Japanawa, bai kamata yara su tashi suna kallonsu ba. A kuma nisanta ƙyallen da rana, tawadar na koɗewa.