Jirgin da ya zauna kan jela, hanci a sama

Ni fa na yi niyyar yin shiru. Amma tunda wani cikinmu masu haɗa ƙananan jiragen roba ya tashi da sassafe ya hau Status yana cewa "wasu a haɗe suke sayo jirgi daga waje, su zo Agege suna cika baki", to bismillah. Ban kama suna ba, ba kuma zan kama ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ƙaramin jirgin yaƙina Alpha Jet da ya tsone maka ido, malam, a kwali ya zo, guntu-guntu a jikin roba, ma'aunin 1:48. Jirgin gaske faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 9, nawa kuwa santimita 19, ka zo da rula ka auna. Ni na yanka, ni na manna, ni na cike tsagar da ke tsakanin ɓari biyu na gangar jiki, na bi da samfefa daga mai kaushi har zuwa mai laushi, sai da layin haɗin ya ɓace. Kujeru biyu ne a ciki, gaba da baya, har bel ɗinsu na yi da siririn tef. Wai don ba ka ga tabon gam ba shi ne ka yanke hukuncin ba hannun mutum ba ne. Na gode da yabo, ko da yake ba shi ka nufa ba.

Mu kuwa mun ga naka. Super Tucano, wai. Kowa a guruf ya gan shi zaune kan jela, hanci a sama. Jirgi mai taya a gaba, ko yaron da ya fara jiya ya san ana cusa dalma a hancinsa kafin a rufe jiki, in ba haka ba nauyin baya ya rinjaya. Dalmar nan ba sai an yi odarta ba, wajen mai facin taya ma ana samu. Amma ina, gaggawar ɗora hoto ta hana. Shi ya sa duk hotunansa daga sama ake ɗauka, ko a jingina shi da kwalbar fenti a ce ado ne. Jela a ƙasa, hanci a sama. Kayan dai ya biyo mai shi.

Gilashin matuƙi ma ya yi fari fat saboda an manna shi da sufa gulu, tiririnsa ya daskare a kan robar. Wannan na bar shi, ba yau ba.

Sai batun launi. An ce wai kalar nawa "ba ta sojan saman Najeriya ba ce". Wace daga ciki? Jirgin da Faransa da Jamus suka ƙera tare, wanda Najeriya ta fara karɓa tun farkon shekarun 1980, ya je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, ya dawo ya yi aiki a Arewa maso Gabas, kana zaton riga ɗaya ya sa duk tsawon wannan zamani? Ni hoton jirgi guda na ajiye a gabana na bi shi. Kai da naka ya iso ƙasar nan a 2021, hotunansa cike da intanet, farfelarsa mai ruwa biyar ce, amma a teburinka huɗu suka rage, ɗaya ta karye ka ce ba wanda zai lura. Mun lura.

Kuma fenti a Legas ba wasa ba ne. Wanda ya yi feshi da damina, danshi ya cika ɗaki, ya san yadda kala ke dusashewa ta yi hazo. Jira ake yi iska ta bushe, a sirka da tina daidai, a fesa shafi siriri a bari ya sha, a sake. Kafin a ɗora tambarin kore-fari-kore sai an sa mai sheƙi a ƙasa, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashin sitika ta riƙa walƙiya. Waye ya koya maka wannan? Faɗa musu mana! A ɗakin wa ka zauna kana kallo, kana "Yaya, ya ake riƙe wannan?" Injin feshin wa ka ara ka dawo da shi allura a lanƙwashe, ban ce maka uffan ba? Wallahi abin da ya ƙona min rai ke nan, ba maganar Status ba. Da kuɗin gumina nake sayen kayan nan, bayan na taso daga kasuwa na ci go-sulo, in zauna da fitilar caji har dare ya raba. Ban taɓa roƙon kowa ya yaba ba, amma ba zan zauna wanda na riƙe wa hannu ya mayar da ni maƙaryaci ba.

Masu shigo min inbox da "a yi haƙuri, ɗan'uwa ne", na ji, Allah ya bar zumunci. Ranar Lahadi bayan la'asar ina Agege inda muka saba haɗuwa, da C-130 ɗin da na fara, irin jiragen dakon kayan soja da ke tashi daga Ikeja, ko fenti ban sa masa ba don kowa ya ga aikin hannu tsirararsa. Mai magana ya zo da nasa. Sharaɗi ɗaya ne: a ajiye shi kan tebur ya tsaya da ƙafafunsa uku, babu kwalba a bayansa.