Ɗalibin nazarin kasuwanci kuɗin shiga kasuwa yake buƙata, ba tikitin jirgi ba

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ɗaliban digiri na biyu a fannin kasuwanci ke kare kundin bincikensu, a Bauchi ko a Gombe, ya san abin da ake yawan ji. Wannan ya raba takardun tambayoyi ga ma'aikatan banki, wancan ya raba wa ma'aikatan gwamnati, aka zuba amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS, alƙaluma suka fito, aka yi tafi. Kundin ya tafi ɗakin karatu ya kwanta, ƙura ta bi ta kansa.

Ba na ɗora laifin a kan rago ko daƙiƙi. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta daga albashinsa, ya sayi data, ya buga kwafin kundi sau uku ko huɗu saboda gyaran supabaiza, ya biya kuɗin wallafa maƙala a mujalla, ga cefanen gida na jiransa, ba zai zaɓi binciken da zai ci masa wata uku a ƙauye ba. Zai zaɓi wanda zai gama a ofishin da ke bayan gidansu.

Idan muka dubi ƙofofin tallafin da ake da su, za mu ga wa suka bari a waje. Asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, yana ɗaukar nauyin ƙarin karatu, amma na malaman da ke koyarwa a manyan makarantun gwamnati. Asusun PTDF na gwamnatin tarayya ya fi karkata ga fannin man fetur da iskar gas. Asusun ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 bashi ne, kuma hankalinsa yana kan masu karatun digirin farko. To matashin da ya gama digiri a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ba shi da aiki, yana son ya yi bincike mai zurfi, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Mu kuma da an ce sikolashif, sai zuciyarmu ta tafi Maleshiya ko Ingila. Wannan lissafin ya rushe tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023. Dalar da ke ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, har ta kai TETFund ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje. Abin da za a kashe wa mutum ɗaya a can zai ishi ɗalibai da dama su yi aikin fili a nan gida.

Kuma filin yana nan, a buɗe. Je ka Tudun Hatsi a Gombe ka tsaya wuni guda. Za ka ga an yi cinikin tirelar masara ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba, sai dillali da musafaha. Yaya ake auna amanar mutum kafin a ba shi kaya bashi? Idan ya ci amana, wa ke yin hukunci, kuma nawa ake asara? Matan da ke adashe a unguwannin Bauchi suna juya jari shekara da shekaru, babu ruwa, babu jingina. Uwar adashe ta san wanda za ta ba kwasar farko da wanda za ta ajiye a ƙarshe, kuma wannan ilimin kula da haɗarin bashi ne tsantsa. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, 'yan kasuwar Wunti da na Muda Lawal sun koma tiransifa da POS ala tilas. Su wa suka tsira, su wa suka karye? Ga kamfanin Steyr da ya taɓa harhaɗa taraktoci da manyan motoci a Bauchi. Labarin durƙushewarsa kaɗai ya isa darasin zango guda a ajin koyon gudanarwa, maimakon a yi ta haddace tarihin kamfanonin Amurka da ɗalibi bai taɓa gani ba.

Irin wannan bincike ba ya yiwuwa da takardar tambayoyi. Alhajin da ya shekara talatin a kasuwa ba zai buɗe maka cikinsa a zaman farko ba. Sai ka yi ta zarya, ka sha shayi da yaransa, ka saurari hirar da ba ta shafe ka ba, kafin wata rana ya ce, "To ɗan boko, zauna in gaya maka." Kowace zarya kuɗin mota ce, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Wani zai ce ai masu karatun kasuwanci ma'aikata ne masu abin hannu, me ya sa za a tallafa musu? Yana da gaskiya a kan masu MBA, wato digiri na biyu na ƙwarewa a gudanar da kasuwanci, waɗanda galibi ƙarin girma suke nema a wurin aiki. Su biya da kansu. Maganata a kan masu MSc, wato digiri na biyu na bincike, da masu digirin digirgir ce, waɗanda aikinsu shi ne samar da sabon sani.

Shawarata ƙarama ce. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohin biyu su ware wani kaso na musamman don aikin fili, a biya shi kashi-kashi: wani bayan an amince da tsarin binciken, saura bayan ɗalibi ya kawo shaidar ya je. Kwamitin malamai ya tantance, ba wasiƙar ɗan siyasa ba, don in aka bar shi a hannun shafaffu da mai, gara ma ba a fara ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kamfanoni irin su simintin Ashaka su kawo matsalolin da ke damunsu tare da kuɗin bincikarsu. Sharaɗi ɗaya zan ƙara: duk wanda ya karɓa, ya rubuta taƙaitaccen sakamakon da Hausa a shafi biyu, ya koma kasuwar da ya yi aikin, ya karanta wa mutanen da suka ba shi lokacinsu, su gaya masa inda ya yi kuskure.