Girkin wuta da aka tilasta wa zaman jira

Ɗan Kabi da ya sauka Amurka karatu ko neman na kansa, ba ya yin mako biyu sai wani ya ja shi zuwa ɗaya daga cikin katafaren kantunan nan masu hawa-hawa. A can sama ko a wata kusurwa akwai fili cike da tebura, shagunan abinci sun kewaye shi. Mutanenmu kuwa kusan kullum a shagon Sinawa suke cin birki, don ido ya hango shinkafa. Ga kuma ma'aikaci a bakin shago yana miƙo tsokar kaza a tsinken sakace a ɗanɗana, yadda mai tsire yake yanko wa mai ciniki. Tsokar nan ita ce tarkon, kai kuwa daga tiren da wataƙila ya jima a ajiye za a zuba maka.

Ni a ganina abincin ba shi da laifi a asalinsa. Girki ne da aka gina kan wuta mai ƙarfi da ci nan take, sai kasuwa ta tilasta masa zaman jira, kuma kusan duk abin da mutanenmu ke kuka da shi daga nan ya taso.

Tsarin sayarwar ba wuya. Ka zaɓi soyayyar shinkafa ko farar shinkafa ko taliya, sannan ka nuna mahaɗi ɗaya, biyu ko uku daga tirarrukan ƙarfe da ke bayan gilashi, zaune kan ruwan zafi. Kamfanin da ya yaɗa wannan salo, Panda Express, ya buɗe shagonsa na farko a 1983 a cikin irin wannan kanti a Glendale ta jihar Kaliforniya. Kazar nan mai ruwan lemo da kowa ke yi wa layi, wani kukun kamfanin mai suna Andy Kao ne ya ƙirƙiro ta a 1987 a Hawai. Wato ko a ƙasar Sin baƙuwa ce. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sari za su shaida cewa abin da ake ci can bai yi kama da wannan ba.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne laushin naman. Wasu har zargi suke yi ko ba naman gaske ba ne. Dabara ce kawai. Ana yanka naman siriri, a gicciye da jijiyarsa, a cuɗa rabin kilo da kamar cokalin shayi ɗaya na bekin soda, a bar shi minti 20 zuwa 30, a wanke tas. Bayan haka a shafe shi da babban cokali ɗaya na sitacin masara, da farin ƙwai ɗaya, da ɗan baƙin ruwan waken soya da suke kira soya sos, a tsoma shi a mai ko tafasasshen ruwa na ƙasa da minti ɗaya kafin ainihin suyar. Sitacin yana rufe tsokar ya hana ruwanta gudu. Sodar kuwa aikin da kanwa ke yi wa wake a tukunyar iyayenmu mata shi take yi wa nama, kuma kuskuren iri ɗaya ne: in ta yi yawa ko ta daɗe, naman ya yi santsi ya ɗauki ɗanɗanon sabulu.

Daga nan sai wuta. Kaskonsu mai zurfi da ake kira wok yana zama kan murhun gas da harshensa ya ninka na gida sau da yawa. Mai ya yi zafi har ya fara hayaƙi, a jefa citta da tafarnuwa, nama ya biyo, ganye ya biyo, cikin minti uku ko huɗu an juye. Ɗan ƙaurin da ke kama abincin a wannan ɗan lokaci shi ne daɗinsa. Wanda ya gwada a gida ya cika kaskon da nama zai ga ruwa ya tsatso, suya ta koma dahuwa, don zafin ya faɗi. Shi ya sa ake soya shi kaɗan-kaɗan.

To a ɗauki wannan abinci a zuba a tire kan ruwan zafi na rabin awa. Kazar da aka soya a man da ya kai digiri 175 na ma'aunin Salshiyas ta yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras, da an turbuɗe ta a miya mai danƙo ɓawon zai fara shan ruwa, kafin minti sha biyar su cika ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Burokoli da koren tattasai su ci gaba da dahuwa a tururi har korensu ya dushe. Taliya ta tsotse mai ta manne da juna. Miyar sitaci ta daskare a gefen tire. Masu shagon sun san haka sarai, maganinsu kuwa sukari ne da gishiri da ƙarin sitaci, domin su ne abubuwan da zaman jira ba ya kashewa. Kason kazar lemon nan ɗaya yana ɗauke da sukari kusan giram 20, cokalin shayi biyar ke nan, a cikin abin da ake kira miyar nama. Babban cokali ɗaya na soya sos yana da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai 2,000 a yini. Ƙishirwar da ke kama mutum bayan awa ɗaya daga nan take, ga kuma ƙaton kofin lemo mai ƙanƙara da aka haɗo shi da shi.

Mai abincin tashar Jega ko ta Birnin Kebbi ba ta da wannan matsala, don kayanta tun asali na jira ne. Miyar kuka ko ta tumatir da ta daɗe kan garwashi ƙara haɗuwa take yi. Tuwon shinkafa a leda yana riƙe zafinsa. Wake ba ya tsoron tururi. Abin da kuma ba ya jure jira, irin tsire da ƙosai da soyayyen kifin Yawuri, a gabanka ake ɗora shi kan wuta. Mun raba girki gida biyu ba tare da wani ya rubuta mana doka ba, su kuma sun tattara duka a tire guda.

Akwai masu ɗora laifin rashin jin daɗin jiki bayan cin abincin Sinawa kan farin magi. Wannan zargi ya samo asali ne daga wata wasiƙa da wani likita ya aika wa mujallar likitoci ta New England a 1968, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da cewa adadin da ake sa wa abinci yana cutar da jama'a ba. Wani Bajapane, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908, kuma irinsa ne ke ba daddawarmu ta kalwa daɗi. Soya sos ma wake ne da aka bari ya ruɓa bisa ƙa'ida. Wanda ya tashi da daddawa da dunƙulen magi biyu a kowace miya bai kamata ya yi wa Sinawa gori a nan ba.

Batun shinkafa kuwa dole a tsaya a kansa, don mu mutanen fadama ne. Soyayyar shinkafa tana son ƙwayar da ta bushe ta warware, shi ya sa ake dafa ta tun jiya, a baza a faranti, ta kwana a firji. In aka soya sabuwar dahuwa sai ta caɓe ta kama kasko. Irin shinkafar da ake turarawa kafin a cashe ta, wadda matan Argungu da Suru suka gada kuma manyan injinan Labana da WACOT ke fitarwa a buhu, ba ta buƙatar wannan wahala sosai: turarin ya riga ya ɗaure sitacinta, ƙwayoyin ba sa mannewa. A rage mata ruwa kaɗan, a baza ta sha iska, ta isa suya. A ƙara albasar Aliyaro da lawashi da ƙwai biyu ga kowane kofi uku na dafaffiyar shinkafa, a zuba man riɗi cokalin shayi ɗaya bayan an kashe wuta, ba kafin ba, don zafi yana kore ƙamshinsa. Wannan ta fi ta kanti nesa ba kusa ba, wadda sau da yawa launin soya sos ne kawai da 'yan ƙwayoyin karas.

Sai dai a nan ne kuma masu shagunan suka yi mana fintinkau. Ɗanyar shinkafa tana ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi na awanni, sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya karya gubar. Alamarta amai ne cikin awa ɗaya zuwa shida bayan ci. Ƙa'idar abinci ta Amurka ta ce abin da ake ajiyewa da zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 57. In za a sanyaya shi, ya sauko zuwa 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 cikin wasu awa huɗu. In kuma ba a riƙe shi da zafi ko sanyi ba, bayan awa huɗu a zubar. Ruwan zafin da ke lalata ɓawon kaza shi ne ke kare cikin mai saye, kuma jami'an lafiya suna shigowa da ma'aunin zafi ba sanarwa. A gida kuwa, shinkafar biki da aka sauke da hantsi a rufe a kula, a ci ta bayan isha'i, ita ce ainihin ɗakin kwanan wannan ƙwaya. In baƙi suka kwana suna amai sai a ce ruwa ne ko sammu. Ba sai da firji ko wutar NEPA ake gyara wannan ba. Mai abinci ta raba dahuwarta biyu, ta safe da ta yamma, kular da aka buɗe kuma a ƙarar da ita kafin a taɓa wata.

Maganar halal ba ta wasa ba ce a waɗannan shaguna. Jan naman nan mai sheƙi da ake yankawa fale-fale na alade ne. Naɗaɗɗen fulawar da ake soyawa da 'yan ƙulle-ƙullen da ke cikin romo, sau da yawa niƙaƙƙen alade ne a ciki. Girkin Sinawa yana amfani da giyar shinkafa wajen jiƙa nama, kuma kasko ɗaya da man suya ɗaya suna iya zagaya komai. Ko shinkafar da aka ce ta ganye ce, a tambaya ko da romon kaza aka yi ta. Hukuncin yankan kazarsu na malamai ne, amma tambayar abin da ke cikin tire hakkin mai saye ne, kuma manyan shagunan suna da takardar da ta jera kayan haɗin kowane girki. Inda aka dace da gidan abincin Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui, masu taliyar Lanzhou da ake ja da hannu a romon naman sa, an huta da duk wannan.

Wanda dole ta kai shi filin abincin, ya je tsakanin sha biyu da ɗaya na rana, lokacin da layi ya yi tsawo kuma tirarruka ke ƙarewa ana sabunta su. Ƙarfe uku na yamma shi ne mafi munin lokaci. Ya duba tiren: in gefensa ya bushe ya yi baƙi-baƙi, ko mai ya taru a kusurwa, ya wuce shi, ko ya ce zai jira sabon sauki. Ya ɗauki farar shinkafa maimakon soyayya, mahaɗi ɗaya mai miya, ɗayan ganye. In ya ga fararen yanka masu kusurwa huɗu da suke kira tofu a cikin miyar barkono, awara ce, daga wajensu ma ta samo asali. Su da wani farin gishirin dutse suke daskarar da madarar waken, mu da ruwan tsami. Tasu ta fi laushi, kuma sau da yawa ana haɗa miyarta da niƙaƙƙen nama, don haka ita ma sai an tambaya.