Yanka ɗaya-ɗaya

Har yau ban gano wanda ya fara ambaton sunana a zauren WhatsApp ɗin nan ba. Wanka na shiga, na fito na tarar an naɗa ni shugaban kwamitin walimar abokan ango, ni da ko taron suna ban taɓa haɗawa ba. Wai don ina da haƙuri.

Ku tuna da lokacin kuma. Fabrairun 2023 ne, tsakiyar wahalar canjin kuɗi, bayan Babban Banki ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Tsofaffin ana gudunsu, sababbin babu su. Gudummawar kowa ta taransifa ta shigo, amma mai tumatir a 'Yankaba ya ce shi bai san wannan zancen ba, kuɗi hannu. Mai kankana a 'Yan Lemo ma haka. Da naira na riƙa sayen naira a wajen masu POS kafin in samu na robobin zuba abinci a Ƙofar Wambai. Ga layin mai, ga janareto sai an ba shi. Rumfa da kujeru da lasifika duk na kama. Kati ɗari da hamsin muka buga, na sa a dafa na mutum ɗari biyu, ina jin na fi kowa dabara. Babu wanda ya tuna min cewa a garin nan duk wanda aka gayyata sai ya taho da wanda ya rage masa hanya, shi ma da ƙaninsa, ga shi wani ya ɗora katin a Facebook. Kafin a idar da La'asar kujeru sun ƙare, an fara aro tabarmi a maƙwabta.

To, a nan abin yake.

Mai lasifika ya miƙo min makirfo mara waya na yi wa jama'a barka da zuwa. Na yi kyau kuwa, har da “iyayenmu malamai da masu sarauta”. Ina gamawa na jefa shi a aljihun gaban riga na zagaya bayan rumfa wajen kuloli. Na buɗe kular nama, gabana ya faɗi. Rabin mutane ba su samu ba, ita kuwa ana hango gindinta. Na tara yaran da ke rabo.

Na ce, “Ku saurara da kyau. Daga yanzu yanka ɗaya-ɗaya. Ƙashi ma yanka ne. Layin baya shinkafa zalla, ku rufe musu ita da kabeji, ba za su gane ba sai sun yi nisa da ci.”

Na ji muryata ta yi wani kauri tana amsa-kuwwa. Wallahi na ɗauka ɓacin rai ne ya ba ta kwarjini, har na ji daɗi na ƙara ɗagawa.

“Kuma wancan dattijon na layin gaba, mai babbar riga ruwan toka, kada wanda ya sake kai masa. Sau biyu yana karɓa. Da idona na ga ya tura ɗaya ƙarƙashin kujera. Da shi aka haɗa kuɗin?”

Ɗaya daga cikin yaran ya zaro ido yana nuna ƙirjina da yatsa. Na zaci kuɗin aikinsu yake tambaya. Na daka masa tsawa na ce, “Babu! Ina zan samo? Ango da kansa bai cika nasa ba!”

Yaron ya ajiye cokali ya zauna a ƙasa.

Da na zagayo gaban rumfa, ba abin da kake ji sai ƙarar janareto. Mutum sama da ɗari uku, kowa ni yake kallo. 'Yan layin baya wasu sun fara tona kabeji da cokali. Ango ya sunkuyar da kai yana duba wayar da na san ta mutu tun azahar. Shi kuwa dattijon bai yi gaggawa ba. Ya tattare hannun babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, wannan ɓangaren sannan wancan. Ya sunkuya a hankali, ya jawo robar daga ƙarƙashin kujera, ya kakkaɓe ƙurar murfin, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

Ya ce, “Ɗana, na direbana ne, ya tafi sallah. Amma ungo, a mayar.”

Waliyyin amarya ne. Ƙanin mahaifinta. Shi ya ba da aurenta da safiyar ranar.

Na durƙusa na ce, “Allah ya huci zuciyarka Baba, ba da kai nake ba.” Duk rumfar nan shi kaɗai ne mai ruwan toka. Kuma makirfon bai mutu ba, don haka wannan ƙaryar ma sai da ta fita ta lasifika huɗu har bakin titi. Ya ce, “Ba komai, karɓi dai.” Na ƙi karɓa, ya ƙi saukewa. Haka muka tsaya, hannunsa a sama, gwiwata a ƙasa, sai da Malam ya yi gyaran murya ya ce ya shirya magana a kan haƙƙin miji da mata, amma yana ganin gara a ɗan taɓa karrama baƙo.

Amma ni duk wannan bai ƙona min rai ba kamar mutumin nan namu. Kun san shi, mai zuwa da hular aro. Sisi bai bayar ba. Kullum “ai na tura, sabis ne”, sai ya aiko hoton rasit da babu kwanan wata a jiki. Amma shi ya fi kowa shawara: a ƙaro kunun aya, zoɓon bai ji citta ba, rumfar ta kalli rana. A ranar kusa da mai lasifika yake zaune. Mai lasifikar da bakinsa ya faɗa min cewa tun daga “ƙashi ma yanka ne” ya kai hannu zai rage murya, mutumin nan ya riƙe masa hannu ya ce bari shugaba ya gama jawabi. Ya ɗauka a waya kuma. Kafin Magariba ƙanwata da ke aure a Kaduna ta kira ni tana dariya ba ta iya magana. Shi ne ya laƙaba min Yanka Ɗaya, har mai shayin unguwarmu da shi yake kirana yanzu. Kuma shaida biyu na samu cewa jarkar kunun ayar da ta ɓata a bayan babur ɗinsa ta tafi. Na tambaye shi ya ce ajiya ya yi mata.

Wai bikin ƙaninsa na tafe, har ya fara cewa ai ni yanzu na goge.

Mai haya dai kujeru huɗu ya ce sun ɓata, daga aljihuna na biya. Saura babbar kular mahaifiyar ango, shuɗiya mai karyayyen hannu. Hajiya ta sake aikowa jiya. Duk wanda take wajensa ya kawo shago, ba sai ya yi bayani ba.